Kurakuran da aka fi yi wajen karɓar gaurayen bayanan hoto daga kyamara a direban Linux

Duk ɗalibin kwamfuta a Kano da ya taɓa haɗa ƙaramar kyamara da 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ya san yadda hoto kan fito a karkace ko launinsa ya juye, sai zargi ya faɗa kan kyamarar, har a fara shirin komawa Farm Centre neman wata. Galibi kyamarar lafiyarta lau. Direban, wato manhajar da ke haɗa kyamarar da Linux, shi ne ya ɗauka cewa abin da ke shigo masa iri ɗaya ne, alhali a gauraye yake.

Babban kuskuren shi ne zuba duk abin da ya biyo layin MIPI CSI-2 (ƙa'idar da kyamara ke turo bayanai a kanta) cikin ma'aji guda. A wannan ƙa'ida kowane ƙunshin bayani yana ɗauke da lambar nau'insa: ɗanyen hoto mai bit 10 (RAW10) lambarsa 0x2B, bayanan da idon kyamara (sensor) ke bayarwa game da saitinsa kuwa 0x12. Idon Sony IMX219, wanda ke cikin kyamarar Raspberry Pi ta biyu da ta fito a 2016, yakan turo irin waɗannan bayanai kafin hoton, saboda haka direban da bai tace su ba zai samar da hoto mai datti a layukan sama. Gyaran shi ne a rarrabe ƙunshin bisa lambar nau'i da lambar tashar da ya biyo (virtual channel), hoto ya bi hanyarsa, bayanan saiti su bi tasu.

Daga nan sai lissafin tsawon layi, inda a ganina aka fi yin asarar lokaci. Tsarin RAW10 yana cusa ɗigo huɗu cikin bayit biyar, don haka layin IMX219 mai ɗigo 3280 yana cin bayit 4100. Amma idan na'urar karɓa tana cike kowane layi zuwa ninkin 32, tsawonsa ya zama 4128, kuma wanda ya yi aiki da 4100 zai ga kowane layi ya zame daga na samansa har hoton ya kwanta kamar rini ya zuba. Kada a lissafa da kai. A karanta bytesperline, wato yawan bayit a kowane layi, wanda V4L2, tsarin bidiyo na Linux, ya bayar.

Jerin launuka ma yana da tarko. Tacen Bayer, wato jerin matatun launi da ke kan ɗigogin idon kyamara, yana iya farawa da ja ko shuɗi ko kore, kuma a wasu idanun kyamara, har da IMX219, juya hoton sama zuwa ƙasa ko hagu zuwa dama yana sauya jerin. Idan direba ya ci gaba da shelar RGGB (jeri mai farawa da ja) alhali jerin ya koma BGGR (mai farawa da shuɗi), ja da shuɗi sun yi musaya ke nan. Gwaji mai sauƙi shi ne a ɗauki hoton yadin da aka rina da baba a Ƙofar Mata: idan ya fito jaja-jaja, jerin ne ya sauya, kuma dole direban ya sabunta lambar tsarin duk lokacin da aka juya hoton.

Masu rubuta manhaja su ma suna da nasu laifin. Umarnin VIDIOC_S_FMT, wanda manhaja ke neman girma da tsarin hoto da shi, roƙo ne kawai, direba yana da ikon sauya girma ko tsarin da aka nema zuwa wanda na'urar ke iyawa, don haka wajibi ne a duba amsar da ya mayar kafin a fara karɓar hoto. Haka nan a kyamarorin USB masu bayar da MJPEG (jerin matsattsun hotunan JPEG), girman kowane hoto yana bambanta da na bayansa, sai a dogara da bytesused, wato adadin bayit da hoton ya ci, maimakon girman ma'ajin gaba ɗaya. Idan kuma hoto ya fito kore da ruwan hoda, a fara duba ko an ɗauki UYVY a matsayin YUYV, wato tsare-tsare biyu na jera bayit ɗin haske da na launi.