Yadda Ake Sayar da Sunan Shafin Intanet a Kasuwar Gwanjo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ta Alaba Rago ko abbatuwar Agege ya san cewa dabba ba ta yin kuɗi sai masu tayi sun kai biyu. Haka sunan shafin intanet yake, wanda ake kira domen. Idan ka kai shi gwanjo alhali mutum ɗaya ne ke so, a farashin farko zai ɗauke shi, kuma da zarar lokaci ya cika ba ka da damar cewa albarka.

Saboda haka fara da sanin darajar hajarka. Shiga NameBio, shafin da ke tattara tarihin cinikin sunaye, ka ga nawa aka sayar da sunaye masu kama da naka. Kada labarin Voice.com, wanda aka sayar dala miliyan 30 a 2019, ya ruɗe ka. Irinsa ba ya yawa. Masu saye sun fi son suna gajere mai ƙarewa da .com, babu lamba, babu ɗan layi a tsakiya, wanda za ka faɗa a waya cikin hayaniyar kasuwar Computer Village ta Ikeja a rubuta shi daidai. Sunayen .ng da .com.ng, waɗanda hukumar NiRA ta Najeriya ke kula da su, kasuwarsu ta fi ƙarfi a gida, sau da yawa gara ka nemi mai saye kai tsaye a Legas.

Kafin ka sa suna a kasuwa, duba abu uku. Na farko, ƙa'idar ICANN, hukumar da ke tsara sunayen intanet a duniya, ta hana mayar da suna irin .com zuwa wani kamfanin rajista cikin kwana 60 da yin rajistarsa ko da mayar da shi. Na biyu, ranar ƙarewar rajista: idan ta kusa, sabunta, don suna ya mutu ana tsakiyar ciniki abin takaici ne. Na uku, kuma nan mutane suka fi ƙonewa, kada sunan ya ƙunshi tambarin kasuwancin wani kamfani. Mai tambarin zai iya kai ƙara ƙarƙashin UDRP, tsarin warware rigima a kan sunayen shafuka, a ƙwace sunan ba a ba ka ko sisi ba.

Kasuwannin da aka fi sani su ne Sedo, GoDaddy Auctions, Flippa da Namecheap. Afternic kuma ta fi karkata ga farashi tsayayye da tayi. Ko'ina za a nemi ka tabbatar sunan naka ne, yawanci ta hanyar liƙa wata lamba da za su ba ka a rikodin TXT, wani gurbin rubutu a saitin sunan. La'adarsu ta bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka karanta ta kafin ka yanke farashi, ka cire ta a lissafinka. Kada ka sa suna ɗaya a gwanjo biyu lokaci guda. Idan duka biyun suka faɗa, ɗaya za ka saɓa wa, kuma suna iya rufe maka asusu.

Dabarar da ta fi tsare mai sayarwa ita ce ka fara buɗe ƙofar tayi, ka juya sunan zuwa shafin da ke sanar da cewa na sayarwa ne. A Sedo, idan tayi ya shigo, kana iya mayar da shi farashin buɗe gwanjo na kwana 7. Ko ba wanda ya ƙara, kana da mai saye a hannu. In kuwa za ka buɗe da kanka, sa farashin da ba za ka sallama ƙasa da shi ba, amma kada ka cika tsawwalawa, masu tayi sukan watse. Yawancin tayi a mintunan ƙarshe yake zuwa, kuma sabon tayi yakan ƙara lokaci. Legas tana gaban New York da awa 5 ko 6, saboda haka idan Amurkawa kake hari, saita rufewar ta faɗo da daddare a nan.

Bayan an faɗa, kuɗin mai saye yana zama a hannun kasuwar tukuna. Sai sun sanar da kai a cikin asusunka cewa kuɗi ya shiga, sannan ka cire makullin sunan ka ba da lambar sirri ta mayarwa, wato EPP. Kada ka dogara da saƙon imel kaɗai, ana ƙirƙirar na bogi. Idan a wajen waɗannan kasuwanni kuka yi cinikin, ku bi ta amintaccen kamfanin da ke riƙe kuɗin mai saye har sai an miƙa masa sunan. Wanda kuma ya yi maka tayi mai tsoka amma ya ce sai ka biya wani shafi da shi ya zaɓa ya kimanta sunan, ɗan damfara ne, kuɗin kimantawar yake so.

Shirya hanyar karɓar kuɗi tun kafin gwanjo ya buɗe. Buɗe asusun dala a bankinka, ka karɓi lambar SWIFT ta bankin, wadda ake turo kuɗi daga ƙasar waje da ita, ka tabbatar sunan da ke asusun ya yi daidai harafi da harafi da na katin shaidarka da na kasuwar. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya sa a riƙe kuɗinka har sai ka kawo takardu.