Que, De, Como: Inda Ake Yawan Tuntuɓe Wajen Kwatance a Sifaniyanci

A Hausa, kalmar "fi" ita kaɗai ke ɗauke da nauyin kwatance: Audu ya fi Musa tsayi, ya fi kowa tsayi, yaran sun fi goma. Sifaniyanci kuwa ya rarraba wannan aiki ga wasu 'yan ƙananan kalmomi, kuma wajen zaɓarsu ne mai koyo ke shan ƙasa.

Lamba ce ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya. An koya maka más... que, wato "ya fi", sai ka kama cewa "tengo más que diez libros". A'a. Muddin lamba ce ta biyo baya, de ake sawa: más de diez libros. Ita que sai in ana auna abu biyu, kamar "Ana tiene más libros que Luis". Amma a kula, "no tengo más que diez euros" daidai ne, sai dai ma'anarsa Yuro goma kacal gare ni. Shi kuwa "no tengo más de diez" na nufin kuɗin ba su wuce goma ba, ƙila ma ba su kai ba.

Wani kuskuren daga bakinmu yake fitowa. Mun saba da "ya fi ni", sai harshe ya zame zuwa "más alto que mí". Kalmar yo, wato ni, ake sawa: más alto que yo, más alto que tú.

In abu biyu sun yi kunnen doki, tan ce ke zuwa gaban sifa, tanto gaban suna, kuma como ke rufe su, ba que ba. Tanto tana bin jinsi da adadin sunan: tantos coches, tantas casas. Ruwa ma, duk da ana cewa el agua da el ta namiji, mace ce a nahawu, don haka tanta agua.

Kada a ce "más mejor". Mejor, wato mafi kyau, ta riga ta ƙunshi fifikon, haka ma peor, wato mafi muni. Más bueno dai ana jin sa, amma galibi kan kirkin mutum, kamar a karin maganarsu "más bueno que el pan", wato ya fi burodi kirki.

Wajen "ya fi kowa", ɗauki dutsen Teide na tsibirin Tenerife, mai tsayin sama da mita 3,700: "El Teide es la montaña más alta de España". De España, ba en España ba. Wanda ya yi boko da Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar, yakan maimaita la ya ce "la montaña la más alta", don kuwa haka Faransanci ke yi. Sifaniyanci sau ɗaya yake so.

Saura ɗafa-ƙeyar -ísimo, wato ƙarin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, mai nufin ƙwarai da gaske. Ba ta buƙatar muy, wato ƙwarai, a gabanta, kuma rubutu kan sauya don sautin ya tsaya yadda yake: rico ya koma riquísimo, largo ya koma larguísimo.