Yadda za ka sauya tsohuwar amfilifayar gida

1. Zare filogi daga soket, ka bari ta huce.

2. Kafin ka yanke mata ƙauna, goge ƙurar hunturun Katsina da burushi. Sau da yawa ƙarar da kake ji idan ka murɗa maɓallin murya ƙura ce kawai.

3. In ta mutu murus, ɗauki hoton wayoyin bayanta da wayarka kafin ka cire ko ɗaya.

4. Wajen sayen wata, duba bayanta sosai. 'Yar gwanjon Amurka 120V take ci, tamu wutar kuwa 230V ce, sai da taransifomar rage ƙarfin wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. Duba kuma ko tana ɗaukar sifikunka, yawanci 8 ohm ne (ohm shi ne ma'aunin juriyar sifika ga wutar lantarki).

5. Wajen haɗa sabuwar, jar waya a ja, baƙa a baƙa. Rage murya, sannan ka kunna.