Yadda za ka ci daren Katsina da na Maraɗi a tafiya guda

In kana son ka gane bambancin daren garuruwan nan biyu, ka fara da Katsina ka ƙare da Maraɗi. Ni ɗan Maraɗi ne, a Bagalam na tashi, kuma shawarar da nake ba duk baƙon da ya tambaye ni ke nan. Katsina tana tashi daga hira da wuri, mu kuwa a lokacin aka fara hura gawayi.

Tsakanin garuruwan wajen kilomita 90 ne, ta Jibiya da Ɗan Isa. Ka ƙetare iyaka da rana tsaka, kada ka yarda la'asar sakaliya ta riske ka a hanyar Jibiya, don matsalar 'yan bindiga a yankin ba ɓoyayyiya ba ce. Kafin ka fita ka tambayi direbobin tasha halin da iyaka ke ciki. Tun rufewar da aka yi a 2023 abin yakan canza. Katin shaida a aljihun gaba, kuma ka yi canji tun da rana: naira don can, sefa don nan.

A Katsina ka fita gab da magariba. Ka fara da Ƙofar Soro, gaban gidan Sarki, ka bi ta wajen hasumiyar Gobarau kafin duhu ya rufe ta, sannan ka hau Keke Napep zuwa Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya, inda fitilu da masu tsire suke. Daren can na ci da saye ne: tsire da ƙuli, gasasshiyar kaza, mai shayi yana soya indomi da ƙwai, ƙarar janareto ta ko'ina. In akwai wasan ƙwallon Ingila, shiga gidan kallo, nan za ka ji bakin samarin garin. Amma ka tuna jihar shari'a ce tun 2000, akwai 'yan Hisba. A 2021 ma an taɓa hana babura da Keke Napep yawo a birnin daga ƙarfe 10 na dare, don haka ka tambayi mai masaukinka dokar da ake bi yanzu, ka koma gida da wuri.

Daren Maraɗi kuwa ba a yawo a same shi, zama ake yi. Abin da za ka nema shi ne fada: tabarma ko benci a ƙofar gida, samari ko magidanta sa'o'in juna, ƙaramin murhun waya da buta a tsakiya. Kowace unguwa tana da nata, daga Mokoyo zuwa Zariya da Ali Ɗan Sofo. Ba a faɗa wa fada haka kawai, sai da ɗan gari. In ya kai ka, yi sallama, ka bi kowa da hannu, ka zauna inda aka nuna maka. Ka riƙo ƙullin ganyen shayi da sukari ka miƙa wa mai dafawa, ya fi ka ciro kuɗi, don wannan zai ba su kunya.

Ka lura da hannun mai shayin. Yakan ɗaga buta sama ya tsiyayo cikin ɗan kofin gilashi, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tsaya a bakin kofin. Sau uku ake shan shayin: na farko ɗaci gare shi, kada ka sha shi da yunwa. Na biyu ya fi daɗi, na uku kusan ruwan sukari ne. Tashi kafin na uku rashin kyautawa ne, kuma tsakanin na farko da na ukun ne ake zancen duniya: farashin wake, kokowar Takobi (gasar kokowar gargajiya ta ƙasar Nijar), layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano. In ka ce daga Katsina kake, shirya jin tarihi, don za a tuna maka cewa sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa sarautar nan bayan jihadi ya fitar da su a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Ni dai ina ganin wannan hirar ta fi duk wani abin da za ka saya a daren.

Yunwa in ta taso, a aiki yaro wurin mai balangu ko mai gasa zabi, a haɗa da burodi mai tsawo. Nan ne lissafi ke rikita baƙo, don da dala muke ƙirga: dala ɗaya sefa 5 ce. In mai nama ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi, jikka kuwa 1000.

Komawa masauki, kada ka tari kabu-kabun da ba ka sani ba da tsakar dare. Ka ce wa mai masaukinka, “Malam, a sama mini wanda zai kai ni,” akwai mai babur a kusan kowace fada. In lokacin hunturu ne, daga Disamba zuwa Janairu, taho da rigar sanyi da rawani ko hula mai rufe kunne, don bayan sha biyun dare sanyin yakan shiga ƙashi.