Kurakuran da muke yi wajen shirya yara don aiki da sana'a

Duk inda babba ya haɗu da ɗan makaranta tambayar dai ɗaya ce, "in ka girma me kake so ka zama?" Yaro ya ce likita, a shafa kansa a ce Allah ya yi albarka, shikenan an wuce wurin. Ni a ganina kuskuren farko ke nan, kuma shi ya haifi sauran. Yaron nan fa bai zaɓi komai ba, abin da ya ji ana yabo ya maimaita, don yaro ba zai yi sha'awar aikin da bai taɓa gani ba, balle wanda bai ma san akwai shi ba. Ƙungiyar OECD, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, ta duba amsoshin yara 'yan shekara 15 da suka zauna jarrabawar PISA ta 2018, wadda take auna ɗalibai da ita a ƙasashe daban-daban, kan aikin da suke sa ran yi, sai ga shi kusan rabinsu ayyuka goma kacal suke hange, su likita, malami, lauya, injiniya, ɗan sanda da makamantansu. Goma fa, alhali ayyukan da mutane ke ci da su ba su ƙirguwa.

Gyaran ba wuya. A canza tambayar, a ce masa me ka yi yau da ya yi maka daɗi har ba ka so a tashi ba? Sannan a riƙa nuna masa. In kun je asibiti kar ya tsaya kan likita kawai, ga mai gwajin jini, ga mai ɗaukar hoton ƙashi, ga mai haɗa magani, ga mai gyaran na'urorin, ga wadda ke ajiye fayil, duk albashi suke ɗauka kuma in babu su asibitin ba zai yi aiki ba. In kana da aboki mai wani aiki ka roƙe shi ya ba yaron minti ashirin ya yi masa tambayoyi, ƙarfe nawa yake fita, me ya karanta, me ya fi ba shi wahala a aikin. Gani ya kori ji.

Sai jira, wai a bari sai ya gama sakandare tukunna a yi maganar. Wallahi lokacin an makara sosai. Wata masaniya 'yar Amurka, Linda Gottfredson, tun 1981 ta yi bayanin cewa daga shekara 6 zuwa 8 yara kan fara zubar da ayyuka a ransu, wannan na maza ne wancan na mata ne, daga 9 zuwa 13 kuma su fara zubar da waɗanda suke ganin ba su da daraja a idon mutane. To ka ga kafin kai ka zaunar da shi yana ɗan 17 shi ya riga ya rufe ƙofofi da yawa ba tare da kowa ya sani ba, yarinyar da ke kwance rediyo ta mayar tun tana firamare ta riga ta yarda cewa wannan ba nata ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ba wai a sa ɗan aji uku ya zaɓi kwas ba, a'a, kawai kar a bari ƙofofin su rufe.

Wanda ya fi yi min ciwo shi ne raina sana'ar hannu, kuma mu manya ne muke koya musu rainin da bakinmu. Yaro ya faɗi jarrabawa sai ka ji an ce in ba ka yi karatu ba gareji zan kai ka, wato an mai da kanikanci horo ke nan. Ta yaya yaron da ya girma yana jin haka zai ɗauki walda ko kafinta ko aikin wayarin da mutunci, ko da kuwa nan baiwarsa take? A Jamus matashi kan shiga koyon sana'a na shekara 2 zuwa 3 da rabi, kwana uku ko huɗu a kamfani sauran a makaranta, ana biyansa alawus yana koyo, kuma sana'o'in da hukuma ta amince da su a tsarin sun haura 300. A Suwizalan wajen kashi biyu cikin uku na matasa wannan hanyar suke bi bayan karatun dole. Abin lura a nan ba su raba karatu da sana'a ba. Tela yana buƙatar lissafi, mai gyaran mota na yanzu sai ya iya karanta abin da kwamfuta ta nuna masa, don haka in ɗanka na son aikin hannu ka ce masa to madalla, amma riƙe lissafinka da kyau don da shi za ka auna.

Akwai kuma masu zarcewa ɗaya ɓangaren, da sunan koya wa yaro neman na kai sai a ɗora masa aikin da zai hana shi zuwa aji, ko ya je yana gyangyaɗi. Wannan ba shiri ba ne, cutarwa ce. Yarjejeniya ta 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1973, ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar aiki, ƙasashe masu tasowa za su iya farawa da 14, aiki marar nauyi daga 13 muddin bai taɓa lafiya ko makaranta ba, mai haɗari kuwa sai 18. Ma'aunin da nake ba iyaye shi ne su duba abu uku, barcinsa, makinsa, da jikinsa. In ɗaya ya fara taɓuwa a rage aikin, a mai da shi lokacin hutu ko 'yan awoyi a ƙarshen mako, kuma a wurin wanda ka sani ka yarda da shi.

Wani kuskuren a cikin gida yake, yi wa yaro komai. Kai ke tashinsa, kai ke haɗa masa jaka, in ya manta aikin gida kai ke ba malam haƙuri, ranar da ya samu aiki kuma sai a yi mamaki ya kasa zuwa kan lokaci. Mai ɗaukar ma'aikata zai iya koya wa sabon yaro aikin a 'yan watanni, amma zuwa da wuri, gama abin da aka fara, cewa ban gane ba a sake min bayani, cewa ni na ɓata kuma zan gyara, waɗannan in ba a taso da su ba da wuya su shiga daga baya. A ba shi aiki guda nasa na kansa wanda in bai yi ba kowa zai gani, kuma in ya yi sakaci kar a yi saurin rufa masa, a bar shi ya je ya yi bayani da bakinsa.

Iya latsa waya ma ba iya kwamfuta ba ne, da yawa suna rantsewa ɗansu gwani ne amma bai iya rubuta imel mai gaisuwa da kan magana ba, bai iya cike fom ba.

In kuma bana ya ce matuƙin jirgi baɗi ya ce manomi, kar a ce masa ba shi da alƙibla. Ka tambaye shi me ya gani a noman, ka nemo wanda ke yi ku je ku wuni tare da shi hutun nan.