Ga masu zuwa Yamai da niyyar shiga kwalekwale

Salamu alaikum 'yan uwa. Mu mutanen Damagaram ba mu da kogi, sai tafki, shi ya sa duk wanda ya ci kusan kilomita 900 ya isa Yamai yake ɗokin ganin kogin Isa. To ga shawara.

Lokacin sanyi ya fi, Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwan da ya taso daga Gini ya cika kogin. A watan Mayu ruwa ya janye, tsibiran yashi ne ko'ina.

In da hali a je Bubon ranar Laraba, ranar kasuwarsu ce. Tsohon gari ne a bakin ruwa, bai da nisa da Yamai, matansa sun shahara da ginin tukwane da randuna. Amma a tambayi 'yan gari halin tsaro kafin a fita, kuma kada a zarce can wajen Ayoru a yanzu.

Wajen zaɓen jirgi, ku leƙa cikinsa tukuna. In kun ga ruwa kwance a gindi, yaro na ta kwarfa da kwano, ku bar shi, ko da ya yi araha. A gama ciniki a tudu, zuwa da dawowa, kada a bari sai tsakiyar kogi. Ku nemi rigar ruwa mai hana nutsewa, musamman don yara, yawancinmu ba mu iya iyo ba.

Bayan la'asar ne abin kallo, a dawo kafin magariba. Kuma in matuƙi ya ce zai matsa da ku kusa da dorina don hoto, ku ce masa daga nesa ma ta isa.