Yadda ake karanta sakamakon gwajin tsani wajen haɗa harsashin bindigar saiti

Mai haɗa harsashinsa da hannu, a inda doka ta amince da hakan, yana neman awon albarushin da bindigarsa ta fi jituwa da shi. Gwajin tsani na cikin tsofaffin hanyoyin wannan nema, kuma ana danganta shi da Creighton Audette, wani maharbin gasa ɗan Amurka. Tsarinsa ba wuya: a haɗa harsasai goma ko goma sha biyar, kowanne ya ɗara na bayansa da albarushi kaɗan, giren 0.2 ko 0.3 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna albarushi da shi), a harba su ɗaya bayan ɗaya a saiti guda daga nisan yadi 300 ko fiye. Kowane awo shi ne hawa ɗaya na tsanin. Harbin kansa ba ya cin lokaci. Inda ake ɓata shi ne wajen karanta takardar, domin mutum yakan je fili da abin da yake so ya gani a ransa, kuma ramuka goma ba sa musu da kowa.

Da farko, tabbatar gwajin ya cancanci karantawa

Kafin ka ɗauki ma'auni, tambayi kanka ko ka san wane rami ne na wane hawa. Idan akwai shakka ko a kan biyu ne, takardar ta lalace. Shi ya sa wasu ke shafa wa kan kowane harsashi tawada mai launi daban, tana barin alama a gefen ramin a kan farar takarda. Wasu kyamara suke kafawa kusa da allon, wasu kuma allon lantarki suke amfani da shi.

Sai yanayin da aka yi harbin. Bututun da aka wanke tas yakan jefa harbin farko ko na biyu wani wuri daban, don haka waɗannan na share fage ne, ba sa cikin lissafi. Idan ka harba goman a jere ba hutu, hawan ƙarshe sun fita daga bututu mai zafi, kuma harsashin da ya daɗe a mazauninsa na gindin bututu mai zafi yakan ƙara gudu. Ka ga zafi da ƙarin albarushi sun cakuɗe, ba ka da hanyar raba su. Kawalwalniya ma tana ɗaga hoton allon a madubin saiti, sai ka saita inda allon ba ya nan. Sabon bututu kuwa gudunsa yakan ci gaba da hawa a harbi ɗari ko fiye na farko, tsanin da aka yi a lokacin ba ya daɗewa yana aiki. Kuma in na'urar auna gudunka irin ta MagnetoSpeed ce da ake ɗaurawa a bakin bututu, nauyinta na iya sauya inda harsashi ke sauka. Masu aiki da rada, irin LabRadar ko Garmin Xero, ba sa taɓa bindigar.

Na biyu, duba kwanso kafin ka duba allo

Jera kwansayen bisa lambarsu ka duba gindin kowanne a haske mai kyau. Abin da kake nema shi ne alamar matsin da ƙonewar albarushi ke haifarwa ya yi yawa: faraimar (ɗan maɓallin gindin kwanso da ke kunna albarushi) da ta baje har gefenta ya rasa zagayensa, ko wadda ta yi tudu kewaye da inda allura ta buga, tabo mai sheƙi da abin fitar da kwanso ya bari a gindi, ko sakatar da ta yi tauri wajen ɗagawa. Hawan da alamar ta fara bayyana, da duk na samansa, ka soke su, ko da ramukansu sun hau kan juna. Ragowar harsasan da ba ka harba ba a warware su.

Kada ka ɗauka rashin alama shaida ce ta lafiya. Ƙungiyar SAAMI ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi, ta sa iyakar matsin harsasai samfurin .308 Winchester da 6.5 Creedmoor a psi 62,000 (psi ma'aunin matsi ne), kuma kwanso mai ƙarfi yana iya wuce wannan bai nuna komai ba. Iyakarka ta gaskiya ita ce mafi girman awon da littafin masu albarushin ko masu harsashin ya bayar. Gudun ma mai ba da labari ne: in na'urarka tana nuna gudun da ya zarce na littafin sosai, da bututu mai tsawo ɗaya, to matsin ne ya zarce. Gudu ba ya zuwa kyauta.

Na uku, auna tsaye kawai

Ja layi a kwance ta tsakiyar inda ka saita, ka auna nisan kowane rami daga layin, sama ko ƙasa. Karkatar hagu da dama ka bar ta, yawancinta aikin iska ne. Rubuta lambobin a jere, ko ka zana su: lambar hawa a ƙasa, tsayin rami a gefe.

A ƙa'ida, ƙarin albarushi ƙarin gudu ne, ƙarin gudu kuma rami ya hau sama. Abin da Audette ya ce a nema shi ne inda hawan ya tsaya, wato hawa uku ko huɗu a jere da suka taru a tsayi ɗaya duk da bambancin albarushinsu. Wannan ita ce matsaya. Bayanin da ake bayarwa shi ne bututu yana karkarwa lokacin harbi. Idan harsashi ya fita daidai lokacin da bakin bututun ke ɗagowa, mai jinkiri zai fita a makare, bakin ya ƙara ɗagowa, sai a jefa shi sama kaɗan, hakan ya rama faɗuwar da rashin gudunsa zai jawo. Mai sauri kuma ya fita da wuri, bakin yana ƙasa. Sai su haɗu a wuri guda.

Kalmar "a jere" ita ce sharaɗin. Hawa na 2 da na 7 da na 9 su taru wuri ɗaya ba matsaya ba ce, katari ne. Rami biyu ma ba su isa ba.

Yanzu ga lissafin da ya kamata ya sanyaya maka jiki. A harsashi irin .308, ƙarin giren 0.3 yakan ƙara gudun da bai wuce ƙafa 15 zuwa 20 a sakan ba. Bambancin ƙafa 20 a sakan yana sauya faɗuwar harsashi da ƙasa da rabin inci a yadi 300, da kusan inci 2 a yadi 600. A yadi 100 ba ya ma kai kaurin layin fensir mai kauri, shi ya sa ba a yin wannan gwajin a can. To bindigar da ke tara harsasanta cikin rabin MOA (ma'aunin kusurwa ne, MOA ɗaya kusan inci ɗaya ne a yadi 100), wadda kowa zai kira mai kyau, tana warwatsa su cikin kusan inci ɗaya da rabi a yadi 300 ko da albarushin bai sauya ba ko kaɗan. Warwatsuwar da bindigar ke yi da kanta ta ninka tazarar hawa ɗaya sau uku. A irin wannan hali, ramuka uku su taru a cikin goma abu ne da zai faru sau da yawa ba tare da wani dalili ba. Nisa mai tsawo yana buɗe tazarar hawan, shi ya sa tsanin yadi 500 ko 600 ya fi na 300 magana, muddin iska ta kwanta.

Na huɗu, karanta gudun, amma da taka-tsantsan

Akwai wani salon tsanin da ake dangantawa da Scott Satterlee, wanda ba ruwansa da allo. Harsasai goma, na'urar auna gudu, a nemi inda gudun ya daina hawa. Ga misali na ƙirƙira, da ƙafa a sakan: 2,640, 2,661, 2,672, 2,701, 2,706, 2,714, 2,742, 2,760, 2,771, 2,796. Ido zai faɗa kan hawa na 4 zuwa na 6 nan take, domin ƙafa 13 ce kawai tsakaninsu. Amma ja miƙaƙƙen layi daga na farko zuwa na ƙarshe, za ka ga kowane hawa yana ƙara kusan 17. A kan wannan layin, na 4 ya ɗara inda ya kamata da 9, na 6 ya gaza da 13. Idan harsasanka suna da SD na 10 (SD ma'aunin yadda gudun harbi ke kauce wa matsakaicin gudu ne), wanda ba laifi ba ne, irin wannan kaucewar ta yau da kullum ce. Harbi ɗaya ya ɗan yi sauri, wani ya ɗan yi jinkiri, sai ga shimfiɗa ta bayyana. Injiniyoyin kamfanin harsashi na Hornady sun yi gwaje-gwaje da harbi masu yawa a kowane awo, suka nuna irin waɗannan shimfiɗun sukan baje su koma layi idan harbin ya yawaita. Bryan Litz na Applied Ballistics ma ya daɗe yana jan kunne a kan yanke hukunci da harbi kaɗan.

A ganina, abu biyu ne jerin gudun ke faɗa da za ka iya dogara da su: nawa kowane giren ke ƙarawa a bututunka, da kuma wane awo ne zai kai ka gudun da kake buƙata ba tare da ka matsa wa iyaka ba. Waɗannan biyun kaɗai sun biya kuɗin harsasan. Shimfiɗar kuwa zato ce, sai an gwada.

In matsayar allo da shimfiɗar gudu suka faɗo a hawa ɗaya, zaton ya ɗan ƙara ƙarfi, amma ka tuna harbi ɗaya ne ya haifi lambobin biyu. Harsashin da ya yi jinkiri shi ne kuma zai sauka ƙasa, don haka ba shaidu biyu ba ne masu zaman kansu.

Na biyar, zaɓi tsakiya, ka sake gwadawa

Idan ka ga matsaya, ɗauki hawan tsakiyarta. Dalili shi ne a samu sarari ta kowane gefe, yadda ɗan kuskuren sikeli ko sauyin zafin rana ba zai fitar da kai ba. In matsaya biyu ce, ɗaya a ƙasa ɗaya dab da iyaka, ta ƙasan ta fi kwanciyar hankali. Ƙafa 40 a sakan ba ta kai a saye ta da kwanson da zai saki faraima bayan amfani uku ba.

Daga nan sai ainihin gwajin. Hanya mafi arha ita ce ka sake harba tsanin gaba ɗaya wata rana, wannan karon daga sama zuwa ƙasa, tunda ka riga ka san hawan da suke lafiya. Matsayar da ta dawo wuri ɗaya ta cancanci a kula ta. Wadda ta yi ƙaura zuwa wani hawa, da ma babu ita. Bayan haka ɗauki awon da ka zaɓa da na ƙasansa da na samansa, ka haɗa aƙalla goma-goma, ka harba su bi da bi: ɗaya daga wannan, ɗaya daga wancan, kowanne a allonsa. Wannan zagayen shi ne abin da tsarin OCW na Dan Newberry, wata hanyar neman awon albarushi, ya ginu a kai, kuma amfaninsa shi ne zafin bututu da sauyin iska da gajiyarka su rabu daidai a kan kowane awo.

Wajen kwatanta sakamakon, kada ka jingina da ES, wato tazarar mafi sauri da mafi jinkiri. Lamba ce da harbi biyu kacal suka haifa, kuma tana girma da yawan harbi. A lissafi, harbi 5 sukan ba da tazarar da ta kai SD sau 2.3, harbi 10 kusan sau 3, harbi 30 kusan sau 4. Harsashi mai SD na 10 zai nuna ES na 23 yau, gobe in ka harba talatin ya nuna 40, alhali babu abin da ya sauya. Haka girman tarin ramuka yake, ramuka biyu na gefe ne ke yanke shi. Matsakaicin nisan kowane rami daga tsakiyar tarin ya fi faɗin gaskiya, domin kowane harbi yana da murya a ciki, kuma akwai manhajojin waya da ke lissafa shi daga hoton allo.

Sau da yawa awo ukun za su fito kusan ɗaya. Wannan ba faɗuwar gwaji ba ce. Yana nufin bindigar ba ta damu da giren 0.3 ba, sai ka ɗauki na tsakiya ka wuce. In kuwa duka ukun ba su yi kyau ba, ƙara tsinke awon albarushi ba zai cece ka ba. Sauya kan harsashin ko nau'in albarushin ya fi kawo bambancin da ido ke gani.

Na shida, abu ɗaya a lokaci ɗaya

Sai awon albarushi ya zauna ake taɓa zurfin da ake dasa kan harsashi a kwanso. Ka riƙe a ranka cewa matso da kan har ya taɓa farkon zanen cikin bututu yana ɗaga matsi, don haka wanda ya matso sosai sai ya rage albarushi ya sake hawa a hankali.

Rubuta komai a littafinka: lambar rukunin albarushi, nau'in faraima da kwanso, sau nawa aka yi amfani da kwanson, tsawon harsashi, zafin ranar, da yawan harbin da bututun ya sha. Albarushi irin Varget da H4350 an san su da jure sauyin zafi, amma awon da aka samo da sanyin safiya dab da iyaka yana iya nuna alamar matsi da tsakar rana mai zafi. Ranar da ka buɗe sabon rukunin albarushi, ko ka sauya faraima ko kwanso, koma ƙasa ka haɗa ɗan gajeren tsani, hawa huɗu ko biyar, ka bi na'urar auna gudu har ka dawo gudun da ka rubuta, ba tare da ka haye iyakar littafi ba.